In lodi ya fi ƙarfin UPS, amsar tana ga hanyar da wutar ke bi

A takardar bayanin kusan kowace babbar UPS, wato na'urar da ke riƙe wa kwamfuta da sauran kaya wuta daga batir in an ɗauke wuta, akwai wani layi da masu sayarwa ke son ɗora yatsa a kai: tana ɗaukar kashi 125 cikin ɗari na ƙarfinta har minti 10, kashi 150 kuma na minti 1. Mai saye sai ya ɗauka wata rara ce aka ajiye masa, duk ranar da ya nema zai tarar. Alhali lodi guda, a ce kashi 130, yau zai wuce ba a ji komai ba sai kukan na'ura, gobe kuma shi ne zai kashe ofis baki ɗaya. Na'urar ba ta canza ba, lodin ma haka. Abin da ya bambanta shi ne hanyar da wutar ke bi a cikinta a daidai wannan lokaci, da kuma ko akwai wata ƙofa da za a tura lodin in ya gagari inbata, wato ɓangaren da ke mayar da wutar batir ta zama irin ta gida.

Obalodi kansa, wato lodin da ya fi ƙarfin na'ura, ba iri ɗaya ba ne. UPS tana da iyaka biyu, ta VA, wato bolt sau amfiya, da ta wat, wato ainihin ƙarfin da kaya ke ci, kuma duk wadda aka fara tsallakewa ita ce ke aiki. Ƙananan da ake kai wa ofisoshi da shaguna sau da yawa za ka ga VA 1000 a goshinsu da manyan baƙaƙe, wat 600 kuma a baya da ƙanana. Wanda ya ɗora kayan wat 750 yana ganin da saura, alhali ya riga ya kai kashi 125. Sababbin manyan na'urori sun rage wannan tazara, wasu wat ɗinsu ya kai kashi 90 na VA, wasu ma daidai suke, amma sai an duba.

Sannan akwai lokaci. Abin da ke kashe inbata zafi ne. Tiransistocin da ke cikinta, waɗanda ake kira IGBT, da naɗin wayoyin da ke tace wutar, duk suna ɗumama ne gwargwadon karan da ke ratsa su, kuma a waya zafin yana hawa ne da ninkin karan a kansa. Kashi 125 na lodi yana haifar da zafi kusan ninki 1.56, kashi 150 kuma ninki 2.25. Shi ya sa mintunan ke zubewa da sauri haka, daga 10 zuwa 1, sama da kashi 150 kuma magana ta koma ta milisakan ɗari biyu ko makamancin haka, milisakan dubu ke yin daƙiƙa ɗaya. Na'urar tana da agogo a ƙwaƙwalwarta da ke fara ƙirga da zarar an tsallake iyaka, kuma a yawancinsu agogon ba ya komawa sifili nan take don lodi ya sauka. Sai ƙarfen ya huce. Obalodi na biyu da ya biyo bayan na farko da 'yan mintuna ba zai sami cikakken lokacinsa ba.

Ƙananan na'urori, wato masu jiran a ɗauke wuta kafin su tashi da kuma masu sitabilaiza a ciki, lamarinsu da sauƙi. Muddin akwai wutar NEPA, lodin ba ya bi ta inbata sam. Yana wucewa ne ta rile, wani ɗan makulli mai juya kansa, ko ta wata ƙaramar tiransifoma mai ɗaga wuta ko rage ta. In an cika mata kaya za ta yi ta tsuwa, jan fitila ta kama, in abin ya yi yawa ƙaramin maɓallin nan na baya ya fito waje ko fis ya tsinke. Wasu kan yi wata da watanni a haka, mutanen ofis sun saba da kukan har sun daina ji. Ranar da aka ɗauke wuta, rile ya juya cikin milisakan 2 zuwa 10, inbatar da ba ta taɓa ɗanɗana wannan lodi ba ta karɓe shi lokaci guda, ta mutu a take ko bayan 'yan daƙiƙu. Sai a ce batir ne ya mutu, a sayo sabo, a koma gidan jiya. Ga mai sitabilaiza kuma akwai ƙarin abu: in wuta ta zo da rauni, lo-karan kamar yadda ake cewa, kayan wat 600 da ke jan amfiya 2.6 a bolt 230 za su ja amfiya 3.5 a bolt 170. Tiransifomar ciki ce ke shan wannan ƙari, har ta yi zafi ta yanke ko da lodin bai kai iyaka ba.

Inda maganar ta yi zurfi shi ne na'urar onlayin, mai juya wuta sau biyu, wadda ƙa'idar IEC 62040-3 ta sa wa suna VFI. A cikinta rektifaya ce ke mayar da wutar waje ta zama irin ta batir, inbata kuma ta sake ƙera sabuwar wuta mai tsabta ta ba kayan aiki. Ke nan inbata ce ke ɗauke da lodi dare da rana. A gefe kuma akwai hanyar ratse, baifas, wadda ke haɗa wutar waje da kayan aiki kai tsaye ta wasu makullai na lantarki da ake kira SCR. Ba su da hannu ko ƙarfen da ke motsi, don haka buɗewarsu ba ta ɗaukar lokacin da kwamfuta za ta ji.

In obalodi ya zo ana cikin aiki na yau da kullum, inbata takan riƙe shi har agogonta ya cika. Daga nan ƙwaƙwalwar na'urar ta kunna SCR, ta sauke inbata, lodi ya koma kan wutar waje ba tare da yankewa ba. Hanyar ratse ta fi inbata juriya nesa ba kusa ba: galibi tana riƙe kashi 110 zuwa 125 na dogon lokaci, kuma tana iya wuce da ninki goma na ɗan ƙiftawar ido, zagaye ɗaya ko 'yan zagayen wuta. Iyakarta ta gaskiya ita ce fis ko birekar da ke gabanta. Da lodi ya sauka ƙasa da iyaka ya zauna na wasu daƙiƙu, na'urar ta mayar da shi kan inbata da kanta. Amma in aka yi ta kai da kawo, an tafi an dawo sau da yawa cikin ɗan lokaci, yawancin na'urori sukan kulle kansu a kan hanyar ratse su jira ma'aikaci. Wannan wuri ne mai haɗari ƙwarai, domin komai yana aiki, fankoki na juyawa, sabobi na kunne, amma babu kariya ko kaɗan. Duk abin da layin waje ya kawo, hawa ko sauka, zai shiga kayan kai tsaye, in kuma aka ɗauke wuta ba lallai inbata ta tare ba.

To, amma wannan tsere zuwa hanyar ratse yana da sharuɗɗa, kuma nan ne lissafin da aka yi don ƙasashen da wutarsu ba ta rawa ke karyewa a Kano ko Maraɗi. Kafin a miƙa lodi ba yankewa, dole wutar inbata da ta waje su kasance suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, tashinsu ɗaya saukarsu ɗaya. Inbata ce ke bin sawun wutar waje, amma tana bi ne a cikin taga. Ƙarfin wutar ya tsaya kusa da bolt 230, galibi kada ya kauce fiye da kashi 10 zuwa 15. Bugunta ya tsaya kusa da haz 50, wato zagaye 50 a daƙiƙa, da sassaucin haz ɗaya zuwa uku gwargwadon saiti. Kuma kada bugun ya riƙa canzawa da gudu, yawanci ana saita haz ɗaya a daƙiƙa. Da an fita tagar, inbata ta saki wutar waje ta koma bin nata agogon, allon na'ura ya nuna cewa babu baifas.

Janareta ne gwanin jawo wannan. Ƙaramin inji, ko wanda gwamnansa, wato abin da ke daidaita gudun injin, ya gaji, duk lokacin da aka tayar da famfon ruwa ko na'urar sanyaya ɗaki sai gudunsa ya faɗi sannan ya yi sama. Rektifaya ba ta damu ba, tagarta mai faɗi ce, tana karɓar daga haz 40 zuwa 70 a na'urori da yawa, don haka UPS tana nuna komai lafiya, batir ma yana caji. Amma ƙofar ratse a rufe take. Obalodi ya zo a wannan hali, agogo ya cika, sai dai ɗaya cikin biyu: ko na'urar ta kashe fitarta, ko, in an ba ta izini a saiti, ta yanke na ɗan lokaci sannan ta miƙa. Akwatin wutar kwamfuta yana iya riƙe kansa kamar milisakan 16 zuwa 20, kimanin zagaye ɗaya na wutar haz 50. In yankewar ta wuce haka, kwamfutoci sun tafi. Masu gyara kan faɗaɗa tagar don kukan ya tsaya. Dabara ce mai aiki, sai dai a sani cewa duk abin da aka faɗaɗa, an amince ke nan kayan su sha wutar da ta kauce har wannan iyaka.

Lo-karan ma yana da tasa illar a nan. Na'urori da yawa suna tallar karɓar wuta tun daga bolt 110, amma wannan da rabin lodi ne ko ɗan sama da haka. Cikakken lodi yana son bolt 160 zuwa 176 ko fiye. In wuta ta sauka bolt 150 kuma lodi yana kashi 80, inbata ba ta cikin matsala, rektifaya ce ta kai iyakar abin da za ta iya ja. Sai na'urar ta koma batir ko ta riƙa ciko daga gare shi, ga fitilun ofis a kunne. Kuma a bolt 150 hanyar ratse ma ta fita taga.

A kan batir, magana ta ƙare a wuri ɗaya: babu inda za a kai lodin. Wutar waje ba ta nan, hanyar ratse fanko ce. Agogo yana cika, na'urar ta kashe kanta don kada ta ƙone, komai ya mutu tare. Masu ƙera na'urori da dama ma sukan ba da gajeren lokaci a kan batir fiye da na kan layi, musamman a ƙanana da matsakaita, kuma a wani layi daban suke rubuta shi wanda ba kowa ke kai ido ba.

Sau da yawa ma batir ne ke riga inbata durƙusawa. Ɗauki na'urar wat 1000 mai batir biyu na bolt 12, wato bolt 24, wadda kashi 85 na abin da ta ja ke isa ga kaya. A cikakken lodi tana jan amfiya 49. Inbata wat take nema, don haka yayin da batir ke sauka zuwa bolt 21, jan yana hawa zuwa amfiya 56. A ɗora kashi 130, ya kai amfiya 73, daga batiran da aka auna ƙarfinsu a kan jan awa 20. Batirin dalma in an matsa masa haka ba ya ba da abin da aka rubuta a jikinsa, don haka ƙarin kashi 30 na lodi yana cin fiye da kashi 30 na lokaci. Tsohon batir kuwa, wanda cikinsa ya yi tauri, mita za ta nuna bolt 13 yana zaune, amma da an ja sai ya faɗi ƙasa da iyakar yankewa, wadda ke tsakanin bolt 10 da 10.5 ga kowane ɗaya. Na'urar ta mutu, kundinta ya rubuta ƙarewar batir, ba obalodi ba. Kuma batir a ɗaki mai zafi da wuri yake tsufa: duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana raba rayuwarsa biyu.

Shot, wato haɗewar wayoyi a wani reshe, shi ne obalodi mafi tsanani, kuma shi ne ya fi tona bambancin hanyoyin. Abin da ake so shi ne birekar wannan reshe kaɗai ta faɗi, sauran ofis ya ci gaba. Bireka kuwa ba ta faɗuwa nan take sai ta ga karan mai yawa. Mai alamar B tana son ninki 3 zuwa 5 na lambarta, mai C ninki 5 zuwa 10, mai D ninki 10 zuwa 20. In akwai wutar waje, UPS tana jefa lodin kan hanyar ratse cikin ƙiftawa, tiransifomar unguwa ta turo ɗaruruwan amfiya, bireka ta faɗi, a dawo inbata. A kan batir kuwa inbata ce kaɗai, ita kuma tana taƙaita kanta a ninki biyu zuwa uku na ɗan gajeren lokaci, kamar milisakan 100 zuwa 200.

A buga lissafin. UPS mai kVA 10, wato VA dubu goma, a fes ɗaya, wato layin wuta guda, tana ba da amfiya 43 da ɗoriya. Ninki biyu da rabi ya zama kusan amfiya 109. Birekar C16, wadda ta cika allunan wuta, ba a da tabbacin faɗuwarta nan take sai an kai amfiya 160. Tana iya faɗuwa, tana iya ƙi. In ta ƙi, inbata ta gama milisakan ɗinta ta kashe, wayar butar lantarki guda da ta narke a ɗakin shayi ta tafi da ɗakin saba, inda manyan kwamfutocin ofis suke. Da B16 ce, amfiya 80 sun ishe ta. Da C10 ce, 100. Wannan gyara ne na 'yan kuɗi kaɗan, amma ba kasafai ake yin sa ba, saboda wanda ya ja wayar ginin daban, wanda ya kafa UPS daban, kuma ba su taɓa zama sun kalli allo ɗaya ba.

Akwai yanayin tsimin wuta, eko, inda ake barin lodi a kan hanyar ratse da gangan, inbata na tsaye tana jira. Asarar wuta tana raguwa, daga inganci kashi 94 zuwa 96 a koma 98 ko 99. Obalodi a nan ba ya taɓa inbata, kamar dai ƙananan na'urorin da aka fara ambata, kuma tarkonsu ɗaya: in wuta ta tafi ana cikin obalodi, inbata za ta karɓi kaya fiye da ƙarfinta a tsaye. Sai kuma wata matsala mai wuya. Faɗuwar wuta a bakin fita tana iya zama an ɗauke ne daga waje, tana iya zama shot ne a ciki. A ta farko gudu zuwa inbata ne daidai, a ta biyu zama a kan ratse ne daidai don bireka ta sami abin faɗuwa. Na'urar tana da 'yan milisakan ta duba girman karan ta yanke hukunci. Masu kyau suna iyawa. Duk da haka, a layin da ke rawa sau goma kafin azahar, tsimin bai kai wahalar ba, gara a bar eko a kashe.

Wanda ya saita UPS ta mayar da haz 50 zuwa 60 don wata na'ura da aka kawo daga Amurka ya rufe hanyar ratse har abada, tunda wutar biyu ba za su taɓa daidaita ba. Kullum tana nan kamar tana kan batir ta fuskar obalodi, kuma masu ƙera ta sukan ce a rage lodin da ake ɗora mata a wannan yanayi. Hanyar ratse ta hannu kuwa, wadda ake juyawa don gyara, ta fitar da na'urar daga lissafi gaba ɗaya, bireka ce kaɗai mai gadi. Ƙa'idar juya ta ita ce a fara tura lodi kan ratsen SCR daga allo, a tabbatar ya koma, sannan a kama hannun makulli. Wanda ya tsallake matakin farko ya haɗa inbata da wutar waje gaba da gaba.

Manyan wurare, bankuna da cibiyoyin sadarwa da asibitoci, sukan jera na'urori su raba lodi, da guda ɗaya ta rara. Uku masu kVA 100 ɗauke da 180, kowace tana kashi 60, in ɗaya ta faɗi biyun su koma 90, lafiya. Shekara biyu ana ƙara kaya kaɗan-kaɗan, lodi ya kai 240. Allo yana nuna kashi 80, ba mai tayar da hankali. Ɗaya ta faɗi, biyun su tsinci kansu a 120, agogo ya fara ƙirga, daga nan duk su tafi ratse tare. A can ma rabon ba na'ura ke yin sa ba, tsawon waya ne: wadda wayarta ta fi gajarta ita ke kwasar kaso mafi yawa, fis ɗinta ya riga tsinkewa. Shi ya sa ake yanka wayoyinsu tsawo ɗaya ko da wata ta fi kusa da allo. A fes uku kuma kowane fes da nasa iyaka. Jimilla tana iya zama kashi 70 alhali fes ɗaya, wanda aka tara wa soket-soket, yana 115, kuma shi kaɗai ya isa ya tura na'urar duka.

Lambobin takardar bayanin UPS an auna su ne a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 40 ba, wasu ma 30 ko 25 ga obalodi, da iska mai wucewa. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, ɗakin da na'urar sanyayawarsa ta tsaya yakan zarce haka. Ƙurar hunturu ta toshe raga, fanka ɗaya ta mutu ba a lura ba, sai ma'aunin zafin da ke kan tiransistoci ya riga agogo yankewa, minti 10 ya koma biyu. Sama da mita 1000 daga teku kuma iska ta yi sauƙi, ana rage kusan kashi 1 a kowace mita 100, abin da ya shafi Jos ko da kaɗan ne.

Yawancin obalodi ba daga kwamfutoci yake zuwa ba, daga abubuwan da ke fizgar wuta wajen tashi ne. Kwamfiresan firji ko na na'urar sanyaya ɗaki da famfon ruwa suna jan ninki 5 zuwa 7 kafin su daidaita. Tiransifoma tana iya fizgar ninki goma a zagayen farko. Firinta mai lesa tana zaune shiru, da an aika mata takarda hitar cikinta ta nemi wat ɗari takwas zuwa dubu. Irin waɗannan a fitar da su daga layin UPS, a ba su soket mai launi daban don mai shara ko mai dafa shayi kada ya ruɗe. Abin da ya rage a riƙe shi a kashi 70 zuwa 80 na wat, ba na VA ba, kuma in za a tayar da kaya bayan an kashe, a ɗaga birekoki ɗaya bayan ɗaya, babba a gaba, da 'yan daƙiƙu a tsakani.

Gwajin da ke faɗin gaskiya shi ne wanda aka yi a ranar da ba aiki, da lodin jabu na hita wanda ya kai nauyin na gaske. A sauke birekar shigowa a ga minti nawa batir ya riƙe, ana auna bolt ɗin kowane batir yana cikin ja, domin guda ɗaya mai rauni a jeri shi ke kayar da sauran. Sannan a tayar da janareta, a kunna famfo da na'urorin sanyaya ɗaki yadda ake yi ranar Litinin, a tsaya gaban allon UPS a ƙirga sau nawa alamar baifas ta ɓace.